Tiyatar jijiyar wuya: Abin da 'yan ci-rani ya kamata su sani kafin su biya wa iyaye kuɗin aiki

A Waca da sauran garuruwan gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram, idan ciwo mai tsanani ya kama dattijo, ba a gida kaɗai ake yanke shawarar magani ba. Sai an kira 'ya'yan da ke neman na kansu a Kano, Legas, Agadas, Aljeriya ko Libiya, domin su ne ke turo kuɗin mota, na hoto da na magani. Wanda ke biya kuwa shi ake tambaya ko a yi aiki ko a bari.

Daga cikin shawarwarin da ke da wuyar yankewa akwai ta tiyatar jijiyar wuya. Likita zai ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke, idan ba a buɗe ta ba mutum na iya samun shanyewar ɓarin jiki. Likitan nan kuma zai ƙara da cewa aikin kansa na iya jawo shanyewar da ake gudu. Iyali na kuma son sanin ko bayan aikin tsoho zai dawo da tunaninsa yadda yake, ko mantuwa za ta ƙaru.

An shafe fiye da shekara 70 ana bincike kan wannan batu, kuma amsoshin da aka samu sun isa su taimaki iyali su bambance aikin da ya zama dole da wanda asarar kuɗi ne.

Yadda jijiyar ke tsukewa

Manyan jijiyoyin jini biyu ne ke bi ta gefen wuya, ɗaya dama ɗaya hagu, likitoci na kiran su karotid. Su ne mutum ke jin bugunsu idan ya ɗora yatsa a ƙasan muƙamuƙi. Tare da wasu ƙanana biyu da ke bi ta ƙeya, su ke ciyar da ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba amma take cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita.

A daidai inda jijiyar ta rabu gida biyu, kitse da ƙwayoyin jini kan taru su manne a bangonta, kamar yadda laka ke taruwa a bututun ban-ruwa. Hawan jini, ciwon suga, shan taba, yawan kitse a jini da tsufa su ne ke hanzarta taruwar.

Illar na zuwa ta hanya biyu. Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce wani ɓarɓashi ko gudan jini ya ɓalle daga wurin, jini ya tafi da shi ya toshe ƙaramar jijiya a cikin ƙwaƙwalwa. Ta biyu ita ce ƙofar ta tsuke sosai har jinin da ke wucewa ya kasa wadatar da ɓangaren da yake ciyarwa. Jijiyar hagu ce ke ciyar da ɓangaren da ke sarrafa hannu da ƙafar dama, kuma a wajen mafi yawan mutane a nan cibiyar magana take. Shi ya sa wanda ɓarinsa na dama ya shanye sau da yawa maganarsa ma kan tafi.

Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada, C. Miller Fisher, shi ne a shekarar 1951 ya fito da alaƙar toshewar wannan jijiya da shanyewar jiki. A 1954 likitocin asibitin St Mary's da ke Landan suka wallafa rahoton aikin da suka yi wa wata mata da ke yawan samun alamun shanyewa masu wucewa. Daga nan aikin ya bazu a Turai da Amurka.

Gargaɗin da ake rainawa

Kafin babbar shanyewa, jiki kan yi gargaɗi. Hannu ya mutu na 'yan mintuna ya dawo. Baki ya karkace ya miƙe. Magana ta sarƙe ana cikin hira, sannan ta warware. Ko ido ɗaya ya rufe da duhu kamar an saki labule, bayan ɗan lokaci ya buɗe.

Da yake alamun na wucewa da kansu, a karkara da birni akan ɗauke su gajiya, zafin rana ko shafar iska. Akan yi tofi a sha rubutu, washegari mutum ya koma gona. A wajen likitoci kuwa wannan ne lokacin da ya fi kowane muhimmanci, domin haɗarin babbar shanyewa ya fi yawa a kwanakin farko.

Wani bincike mai suna EXPRESS da aka yi a Oxford ta Ingila, aka wallafa a 2007, ya nuna cewa fara magani nan take bayan irin wannan gargaɗi ya rage haɗarin shanyewa cikin kwana 90 da kimanin kashi 80 cikin 100. Maganin da aka ba su kuwa ba wani baƙo ba ne: asfirin, maganin hawan jini da na rage kitse.

Tazarar Waca da na'ura

Tsarin kiwon lafiya a Nijar hawa-hawa ne. Daga ɗakin shan magani na ƙauye sai cibiyar lafiya da ake kira CSI, sai asibitin gunduma kamar na Magarya, sannan Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. Daga Magarya zuwa Damagaram tafiyar kimanin kilomita 90 ce. Daga Damagaram zuwa Yamai, inda Babban Asibitin Ƙwararru da aka buɗe a 2016 yake, kusan kilomita 900 ne. Kano ta fi kusa, shi ya sa iyalai da yawa na kudancin jihar kan tsallaka iyaka su nufi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, ƙwararrun kuma sun taru a manyan birane. A 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin jinya a asibitocinta, amma kuɗin mota, masauki, abincin masu jinya da magungunan da ake saye a waje na nan a wuyan iyali. Masu hali kan duba Tunisiya, Maroko, Masar ko Indiya, inda aiki ɗaya ke iya cinye abin da ɗan ci-rani ya yi shekaru yana tarawa.

Gano tsukewar ba ya buƙatar fita waje. Na'urar da ake duba juna-biyu da ita, idan tana da tsarin auna gudun jini da ake kira Dofla kuma akwai wanda ya ƙware, tana nuna yadda jijiyar take ba tare da allura ba. Kafin a yi aiki akan tabbatar da sakamakon da hoton sikana ko na MRI.

Hanyoyi uku na magani

Hanya ta farko magani ne zalla: asfirin ko clopidogrel don hana jini dunƙulewa, sitatin don rage kitse, maganin hawan jini, kula da suga da barin taba. Duk wanda jijiyarsa ta tsuke yana buƙatar wannan, ko an yi masa aiki ko ba a yi ba.

Ta biyu ita ce tiyata. Ana yanka gefen wuya, a matse jijiyar sama da ƙasa, a tsaga ta a kankare kitsen da ya taru, sannan a ɗinke. Ana iya yi mutum na barci, ana iya kashe wurin kawai yana farke. Binciken GALA na 2008, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 3,500, bai ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin hanyoyin biyu ba.

Ta uku ita ce saka ragar ƙarfe da ake kira sitent. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har ya kai wuya, a buɗe ragar ta danne kitsen a bango. Ba a yanka wuya, shi ya sa take burge iyalai, kuma akan tallata ta a matsayin hanyar zamani. Sai dai rashin yanka ba ya nufin rashin haɗari ga ƙwaƙwalwa.

Wanda aikin ke yi wa rana

Babban abin da ke raba marasa lafiya gida biyu shi ne ko an riga an ga alama.

Ga wanda ya samu gargaɗi ko ƙaramar shanyewa, kuma jijiyar ɓangaren ta tsuke da kashi 70 zuwa 99 cikin 100, hujja a bayyane take. Binciken NASCET da aka yi a Amurka da Kanada, aka wallafa a 1991, ya bi mutum 659. Cikin shekara biyu, kashi 26 cikin 100 na waɗanda aka bari a kan magani kaɗai sun samu shanyewa a ɓangaren, yayin da a cikin waɗanda aka yi wa tiyata kashi 9 ne kawai.

Amma amfanin na da wa'adi. Da Farfesa Peter Rothwell na Oxford da abokan aikinsa suka haɗa alƙaluman manyan binciken Turai da Amurka a 2004, sun gano cewa idan an yi aikin cikin mako biyu da ganin alama, mutum biyar za a yi wa domin a kare ɗaya daga shanyewa. Idan an wuce mako 12, sai an yi wa mutum 125 kafin a kare ɗaya. Ga iyalin da ke jiran a tara kuɗi, a yi fasfo, a samu biza, wannan lissafi na da nauyi. Aikin da aka yi a Kano ko Yamai cikin kwana goma, a hannun wanda ya saba, na iya fin wanda aka yi a ƙasar waje bayan wata huɗu.

Ga wanda bai taɓa ganin alama ba, aka gano tsukewar a wajen duba lafiya, ribar kaɗan ce. A binciken ACAS na 1995, haɗarin shekara biyar ya sauka daga kashi 11 zuwa kusan kashi 5 cikin 100. A ACST na 2004 ya sauka daga kusan kashi 12 zuwa 6. Ma'ana mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin ko da ba a yi ba ba za su shanye ba. Tun daga lokacin kuma magunguna sun ƙara inganci.

A watan Nuwamban 2025 aka wallafa sakamakon CREST-2, wanda ya gwada aiki da magani mai tsauri a kan mutum kusan 2,500 marasa alama. Cikin shekara huɗu, kashi 2.8 cikin 100 na waɗanda aka saka wa raga sun samu shanyewa ko sun rasu a kwanakin aikin, a kan kashi 6 na masu magani kaɗai. A ɓangaren tiyata kashi 3.7 ne a kan 5.3, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba. Likitocin da suka saka ragar a binciken sai da aka tace su sosai, kuma ko a cikin masu magani kaɗai, fiye da 90 cikin 100 sun wuce shekarun lafiya.

Kwamitin ƙwararru kan rigakafi na Amurka kuwa tun a 2021 ya sake cewa kada a riƙa duba wuyan mutanen da ba su da wata alama don neman tsukewa. Illar da ke biyo bayan aikin da ba dole ba ta fi amfanin dubawar.

Abin da aikin ke iya yi wa ƙwaƙwalwa

Yayin da ake taɓa jijiyar, ɓarɓashi na iya ɓallewa ya haura sama. Yayin da aka matse ta, jini na raguwa a ɓangaren. Daga nan haɗarin ke fitowa.

Binciken CREST na 2010 ya raba mutum 2,502 tsakanin tiyata da raga. A kwanakin aikin, kashi 4.1 cikin 100 na masu raga sun samu shanyewa, a kan kashi 2.3 na masu tiyata. Bugun zuciya kuwa ya fi yawa a masu tiyata, kashi 2.3 a kan 1.1. Shekaru sun yi tasiri: waɗanda suka haura 70 sun fi samun sa'a da tiyata, domin jijiyoyinsu sun yi tauri sun lanƙwashe, bututu na kankaro ɓarɓashi a hanyarsa. Mafi yawan iyayen da ake tara wa kuɗi kuwa a wannan rukuni suke.

Akwai kuma raunin da ido ba ya gani. A wani reshe na binciken ICSS na Turai, an ɗauki hoton MRI na mutum 231 kafin aiki da bayansa. Rabin waɗanda aka saka wa raga sun fito da sabbin ɗige-ɗigen rauni a ƙwaƙwalwa, a kan kashi 17 cikin 100 na masu tiyata. Mafi yawansu sun tashi lafiya, suna magana suna tafiya, wasu ɗigen ma sun ɓace a hoton da aka sake ɗauka daga baya. Amma likitoci ba sa raina su, domin binciken da aka yi kan tsofaffin birnin Rotterdam na Holan, aka wallafa a 2003, ya nuna cewa masu irin wannan ɓoyayyen rauni haɗarin kamuwarsu da cutar gigin tsufa ya ninka fiye da sau biyu.

Wani haɗarin kuma daga nasarar aikin yake zuwa. Ƙwaƙwalwar da ta daɗe tana samun jini kaɗan, ƙananan jijiyoyinta sun saba zama a buɗe. Idan aka buɗe hanya jini ya kwararo da ƙarfi, suna iya kasa riƙe shi. Mutum ya fara ciwon kai mai tsanani a gefen da aka yi aikin, ko farfaɗiya, ko ruɗewa, wani lokaci jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Yana samun mutum ɗaya zuwa uku cikin 100, kuma yana iya bayyana bayan kwanaki, lokacin da an riga an sallami mara lafiya. Babban makarinsa shi ne a riƙe hawan jini da kyau a makonnin farko.

Tiyata na da nata ƙarin matsala. Jijiyoyin da ke motsa harshe da maƙogwaro na kusa da wurin yankan. A CREST kusan mutum biyar cikin 100 na masu tiyata sun samu dushewar murya, karkacewar harshe ko wahalar haɗiya, ko da yake mafi yawa sukan warware cikin watanni.

Tunani zai dawo ko zai ragu?

Tsukewar kanta na da alaƙa da raunin tunani. Da aka gwada mahalarta CREST-2 kafin a fara musu magani, an ga sun gaza tsararrakinsu, musamman wajen riƙe sabon abu a ka. Wannan ya sa wasu ke ganin buɗe jijiyar zai dawo da kaifin tunani. Magana ce mai shiga hankali, amma bincike bai tabbatar da ita ba.

Likitoci a Jami'ar Columbia ta New York sun gwada marasa lafiya kafin tiyata da bayanta, suka ga kimanin ɗaya cikin huɗu ya ɗan ja baya a gwajin tunani washegarin aiki, wasu har bayan wata guda. Ja-bayan ba mai yawa ba ne, sau da yawa sai gwaji ke nuna shi. A wasu binciken kuma an ga waɗanda suka ɗan ƙaru, musamman masu ƙarancin jini sosai a ɓangaren kafin aikin. A reshen ICSS da ya duba tunani, bambancin da ke tsakanin masu raga da masu tiyata ƙarami ne, bai kai a ce wata hanya ta fi wata ba.

Hujja mafi tsawon zango ta fito a 2022, lokacin da aka bi sawun mutum kusan 1,600 na Birtaniya da Suwidin da suka shiga binciken ACST shekaru da yawa baya. Waɗanda aka yi wa tiyata sun samu ƙarancin shanyewa, amma cutar gigin tsufa ba ta ragu a cikinsu ba.

Abin da wannan ke nufi ga iyali shi ne ana yin aikin ne don hana shanyewar jiki. Duk wanda ya ce a kawo tsoho a wanke masa jijiya don mantuwarsa ta warke, ya yi alƙawarin da ilimin likitanci bai ba shi ikon yi ba. Mantuwa a tsufa na da dalilai da yawa, ciki har da lalacewar ƙananan jijiyoyi saboda daɗewar hawan jini, cutar Alzheimer, raunin ji, damuwa, da illar wasu magunguna. Buɗe jijiyar wuya ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Auna tunanin ma na da tarko. Gwaje-gwajen da aka fi amfani da su a asibitoci an tsara su ne ga masu karatun boko: a zana agogo, a haɗa haruffa da lambobi, a yi ta cire bakwai daga ɗari. Manomi ko mahaddacin Alƙur'ani daga Waca, wanda ke riƙe lissafin bashi da iyakokin gonakin unguwa a ka, na iya faɗuwa wannan gwaji alhali ƙalau yake. Saboda haka aka ƙirƙiro gwajin IDEA, wanda aka gwada a Tanzaniya da Najeriya, inda ake amfani da lissafo sunayen dabbobi, tuna kalmomi da jera ashana. Shaidar iyali ma hujja ce. Su suka san ko tsoho na rikita raka'o'in salla, ko yana ɓata hanyar kasuwa, ko ya daina gane kuɗi. Yana da kyau a rubuta yadda yake kafin aiki domin a samu abin kwatantawa.

Ba kowace shanyewa ce daga wuya ba

Manyan binciken da aka ambata kusan duk a kan Turawa aka yi su. A wajen baƙar fata, matsalar ta fi zama a jijiyoyin cikin kai da ƙananan jijiyoyin da hawan jini ke lalatawa, inda wuƙar likitan wuya ba ta kaiwa.

Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya duba masu shanyewa 2,118. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce, kashi 32 kuma fashewarta ce, adadin da ya zarce na Turai nesa ba kusa ba. Hawan jini shi ne kan gaba, inda aka danganta kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin da shi.

Wannan na da darasi na gaggawa. Tunda kusan ɗaya cikin uku jini ne ya zuba, bai wa wanda ya faɗi asfirin a gida kafin a ɗauki hoton kai na iya ƙara masa zubar jinin. Haka ɗura masa ruwa, kunu ko rubutu alhali ba ya iya haɗiya na iya sa abin ya bi hanyar huhu. A kwantar da shi a gefe, a lura da lokacin da abin ya fara, a nufi asibiti.

A ƙasar Hausa akwai kuma rukunin da jijiyoyinsu ke tsukewa tun suna yara: masu cutar sikila. A wajensu tsukewar na faruwa a ƙarshen jijiyar karotid da rassanta na cikin kai, kuma tana jawo shanyewa da koma-baya a karatu. Ba tiyata ake yi musu ba. Binciken STOP na 1998 a Amurka ya nuna ƙarin jini a kai a kai na rage haɗarin da kimanin kashi 90 cikin 100. Da yake hakan na da wuya a nan, likitocin Kano da Kaduna tare da Jami'ar Vanderbilt suka gwada maganin hydroxyurea a kan yaran da na'urar Dofla ta nuna suna cikin haɗari. Sakamakon da suka wallafa a 2022 ya nuna ƙaramin awo ma na ba da kariya kamar matsakaici.

Tambayoyin da ya kamata a yi kafin a tura kuɗi

Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya. Ga waɗanda suka fi muhimmanci:

Shin mara lafiyar ya samu alama, kuma daga ɓangaren jijiyar da ta tsuke alamar ta fito? Jiri da mantuwa kaɗai ba sa cikin alamun da ke wajabta aiki.

Kashi nawa ta tsuke, kuma an tabbatar da hoto na biyu? Ƙasa da kashi 50 cikin 100 ba a yi wa aiki. Wadda ta toshe gaba ɗaya ma ba a saba buɗe ta ba.

Aiki nawa irin wannan likitan ke yi a shekara, kuma mutum nawa cikin 100 ke shanyewa ko rasuwa a hannunsa? Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada ya wuce shida ga masu alama, uku ga marasa alama. Idan ya wuce haka, ribar aikin ta tafi.

Me ya sa aka zaɓi raga ko tiyata, idan aka duba shekarun mara lafiya da lafiyar zuciyarsa?

Wa zai riƙa duba shi idan ya koma gida, kuma ana samun magungunan a Magarya ko Damagaram? Wanda aka saka wa raga dole ya sha magungunan hana dunƙulewar jini iri biyu na aƙalla wata guda ba fashi. Idan suka yanke, ragar na iya toshewa.

Idan tsohon ya riga ya samu babbar shanyewar da ta kwantar da shi, ko gigin tsufa ya yi nisa, aikin ba zai dawo da abin da ya mutu ba. A nan kuɗin ya fi amfani wajen gashi, motsa gaɓoɓi, abinci da mai kula da shi.

Kuɗin da ya fi kowane riba

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace. A Nijar, binciken STEPS na 2007 ya gano kimanin baligi ɗaya cikin biyar na ɗauke da shi.

Na'urar auna hawan jini ta hannu ba ta kai kuɗin wayar salula ba, kuma yaro ɗan makaranta na iya koyon aiki da ita cikin yini ɗaya. Ɗan ci-ranin da ya aika da ita gida, ya sa a riƙa auna iyaye ana turo masa lambobin ta WhatsApp, ya kuma ɗauki nauyin maganin wata-wata, ya yi abin da ya fi tiyata kare ƙwaƙwalwa. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, domin da zarar an bari jinin zai sake hawa ba tare da sanarwa ba.

Sauran na cikin tukunya da aljihu. Hukumar ta ce kada gishirin yini ya kai giram biyar, wato ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa duk na ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri. Taba sigari da shisha, waɗanda suka yi yawa a hannun matasan birni da na bariki, na cikin abubuwan da suka fi saurin tara kitse a jijiyar wuya. Taruwar na farawa shekaru da dama kafin a ga alama, don haka matashin da yau ke biyan kuɗin jinyar mahaifinsa ya kamata shi ma ya miƙa hannu a auna shi.